Bahago Da Bindigar Tsaron Gona

Daga lokacin da gero ya fid da kai har a kai ga ɗaure dawa, manomin da gonarsa ke bakin daji ba ya samun barci sosai. Birai su faɗa wa masara da sassafe, gadu ya tone rogo da dankali da dare, fakara da zabin daji su bi gyaɗa suna tono. Waɗansu manoma su kan yi ta fama da gwangwani da majajjawa da mutum-mutumi. Waɗanda ke da lasin kuwa sai su ɗauko bindiga. To, cikin masu ɗaukar bindigan nan akwai waɗanda ba dominsu aka ƙera ta ba, su ne bahagwai.

Masu bincike sun ƙiyasta kimanin mutum 1 cikin 10 a duniya bahago ne. A ƙasar Hausa ba a cika gane su ba, gama tun yaro na ƙarami a ke kwaɓe masa hannu in ya miƙa hagu cikin akushi, a makaranta kuma a koya masa riƙe alƙalami da dama. Ci da dama ladabi ne wanda addini ya koyar, ba mai gardama a kai. Amma hannun da ya fi ƙarfi da saurin motsi yana nan inda Allah ya aje shi, shi ya sa a fagen dambe ba mai tilasta wa bahago ya ɗaure dama. Masu ƙera bindiga kuwa mutum taran nan su ke duba, su bar na goma ya san yadda zai yi. Tela bahago ya san irin wannan wahala a wurin almakashi. Bambancin shi ne, almakashi in ya ƙi hannu yadi ya ke ɓatawa, bindiga kuwa ido ta ke ɓatawa, ko rai.

IDO NE KE ZAƁEN KAFAƊA

Kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya a jikin bindiga, sai mutum ya fara sanin da wace kafaɗa ya kamata ya yi harbi. Mutane da yawa suna tsammani hannu ne ke yanke wannan magana. Ba haka ba ne, ido ne. Kusan ko wane mutum yana da ido ɗaya wanda ke shugabantar ɗan'uwansa wajen auna abu, kimanin mutum 3 cikin 10 kuwa idonsu na hagu ne shugaba. Watau akwai masu aiki da dama da yawa waɗanda idonsu bahago ne ba su sani ba.

Gwajin ba wuya. Mutum ya buɗe idanunsa duka biyu, ya miƙa hannu ya nuna wani abu mai nisa da manuniya, kamar kan rumbu ko kututture. Sa'an nan ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan, ban da motsa hannu. Idon da in shi kaɗai ke buɗe yatsa ya tsaya daidai kan rumbun, shi ne shugaba. Ɗayan kuwa zai ga yatsa ya yi tsalle gefe.

Don me wannan ya zama babban abu? Bindigar harbin tsuntsaye ba ta da abin saiti na baya kamar ta soja, sai ɗan ɗigo guda a kan baki. Idon maharbi shi ne abin saitin baya. Tsakanin idanun mutum kimanin inci 2 da rabi ne, daga ido zuwa ɗigon nan kuwa kimanin yadi 1. Idan mutum ya ɗora bindiga a kafaɗar dama, idon hagu kuwa ya ƙwace saiti, to a nisan yadi 30 harbin zai tafi hagu da kusan ƙafa 6. 'Ya'yan dalma kuwa a wannan nisa bazuwarsu ba ta cika wuce faɗin ƙafa 3 ba. Ke nan birin ya tsira sarai, maharbi ya koma gida yana zagin harsashi, ko ya ce an yi wa bindigarsa sammu.

Maganin da ya fi duka shi ne a mai da bindiga kafaɗar da ke gefen idon nan shugaba, musamman ga wanda ya ke sabon koyo. Wanda ya riga ya shekara ashirin yana harbi da kafaɗa guda, sauyawa za ta yi masa wuya. Shi sai ya riƙa runtse idon da ke ƙwace saiti daidai lokacin da zai ja kunama, ko kuwa in mai tabarau ne ya liƙa 'yar takarda ƙarama a gilashin idon, daidai inda zai hangi bakin bindiga. Maƙeran Ingila su kan yi wata ƙota mai lanƙwasa ƙwarai, wadda ke zama a kafaɗar dama ta kai bakin bindiga gaban idon hagu, domin wanda ya rasa ido guda. Aiki ne mai kyau, amma kuɗinsa ba na manomi ba ne.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindiga mai baki ɗaya ko biyu wadda a ke karyawa a ɗura, lasin ɗinta a hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ya ke. Bindigar toka, wadda a ke ɗurawa ta baki, nata a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Amma wadda ke ɗura kanta, da wadda a ke jan ƙotarta ta gaba a tura kamar mai buga famfo, dokar ba ta sa su cikin kashin da Sufeto-Janar ke ba mutum lasin ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasin, haka kuma mai raunin gani da mashayi. A 2023 'yan sanda sun ba da sanarwar dakatad da ba da sabon lasin, saboda haka mai niyyar saye ya fara zuwa ofishinsu ya ji inda magana ta tsaya tukuna.

Abu biyu cikin dokar sun shafi gyara. Na ɗaya, ba ko wane maƙeri ne aka yardar wa ya gyara bindiga ba, sai mai takardar izini. Na biyu, an hana yanke bututun irin wannan bindiga ya gaza inci 20. Duk gyaran da za a ambata nan gaba aikin mai izini ne, ba na mai faci ko mai gyaran keke ba, kome ƙwarewarsa.

MAKULLIN KUNAMA

Nan ne maganar ta fi nauyi. Makullin kunama, wanda maharba ke ce wa sefti, shi ne ɗan ƙarfen da ke tare kunama kada ta motsa sai an so. Iri biyu ne suka fi yawa.

Na farko yana bisa wuyan ƙota, bayan mabuɗi, a tura shi gaba da babban yatsa in za a harba, a ja shi baya in an fasa. Kusan duk bindigogi masu baki biyu haka nasu ya ke. Wannan ba ruwansa da hagu ko dama, da ya ke a tsakiya ya ke. Da yawa daga cikin na Ingila ma makullin kan koma da kansa da zarar an karya bindiga, abin da ya ke da kyau ƙwarai ga mai mantuwa. Iyakar abin da a kan yi wa wannan shi ne, in ya sha hannu ya yi sulɓi, maƙeri ya sake masa zane ko ya sa wani mai ɗan tudu, don yatsa mai gumi ya kama shi.

Na biyu maɓalli ne wanda ya ratsa ta gefe zuwa gefe kusa da kunama. Shi ke jikin bindigan nan mai baki ɗaya ta Rasha, Baikal IZh-18, wadda aka fara ƙerawa a garin Izhevsk a 1964, ta kuma yaɗu a Afirka ta Yamma saboda araha da ƙarko. Shi ke kuma jikin Remington 870 ta Amurka. An shirya shi a danna daga dama zuwa hagu in za a harba. Mai harbi da dama manuniyarsa na kwance daidai kan maɓallin, sai ya danna ya zarce kan kunama, kamar ƙiftawar ido. Bahago fa? Manuniyarsa na gefen hagu, inda dannawa kullewa ce. In zai buɗe sai ya saki riƙo, ya zagayo da yatsa ta ƙarƙashin gidan kunama, ko ya sauko da hannun dama daga gaba. Kafin ya gama wannan biri ya kai kan tsamiya.

Asarar biri ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne abin da bahago kan yi bayan ya rasa biri sau uku: sai ya daina kullewa. Ya shiga gona da bindiga a ɗure, makulli a buɗe, yana tsallake kunya, yana ratsa ƙaya, yara na biye da shi. Reshe ɗaya ya isa ya ja kunama. Wanda bai san dalili ba zai ce ganganci ne, alhali kuwa kayan ne bai dace da hannun ba.

Gyaran ya danganta da irin bindiga. A waɗansu na zamani, kamar na kamfanin Benelli na Italiya, an yi maɓallin yadda maƙeri zai iya zare shi ya juya shi. A waɗansu kuwa juyawa ba ta yiwuwa, gama tsagin da ke jikinsa ba daidai ya ke ta ko wane gefe ba, sai an sayo wani maɓalli wanda aka ƙera musamman domin hagu. In aka juya irin wannan da ƙarfi da yaji, ya kan zauna kamar ya yi, amma kunama ta wuce ta gefensa. A ƙarƙashin maɓallin akwai ɗan sifirin da 'yar ƙusa mai riƙe shi kada ya zame, su ma in ba su zauna daidai ba makulli ya kan buɗe kansa da gogar riga. Akwai kuma maɓalli mai babban kai da a ke sayarwa. Yana taimakon mai kaurin yatsu, amma ya fi saurin dannuwa in aka jingine bindiga ko aka kwantad da ita, saboda haka ba ko wane mutum ya dace da shi ba.

Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne a cire makullin, ko a goge shi da zarto don ya yi laushi, ko a ɗaure shi da waya. Har wa yau, ya kamata ko wane maharbi ya sani, a yawancin bindigogin nan makulli kunama kaɗai ya ke tarewa, ba ya riƙe ƙarfen da ke bugun harsashi. Bindiga a kulle in ta faɗi daga kan gado ko daga keke tana iya tashi. Wanda zai tsallake rafi ko shinge, ko zai hau bene na gadin gona, sai ya karya ta ya cire harsashi.

Makullin da aka juya yana kawo wani hatsari sabo, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Duk wanda ya saba da irin wannan bindiga, in ya ɗauki ta bahago, zai danna yadda ya saba yana cewa ya kulle, ashe buɗewa ya yi. Lasin na mutum ɗaya ne, bindiga kuwa ba kayan aro ba ce kamar garma. Amma ko da haka, akwai ranar da za a kai ta ofishin 'yan sanda, ko wurin gyara, ko magada su ɗauke ta. Saboda haka a tabbata jan fentin da ke nuna an buɗe yana fitowa ta gefen da ya kamata, a kuma gaya wa duk wanda zai karɓe ta.

MABUƊI DA KUNAMA

Mabuɗin da ke bisa, wanda a ke kaɗawa gefe bindiga ta karye, maƙeran Birmingham ne suka yaɗa shi tun wajen 1865, kusan duka kuwa dama ya ke tafiya. Mai harbi da dama janyo shi ya ke da babban yatsa, bahago kuwa tura shi ya ke. Kwana kaɗan hannu ke sabawa. A kan ƙera mai tafiya hagu in an yi oda, amma sauya na tsohuwar bindiga sai an sake kayan ciki, ɓarnar kuɗi ce kawai. Waɗansu masu baki ɗaya na Amurka mabuɗinsu na tafiya ko wane gefe. Na Baikal ɗin can kuwa a ƙasa ya ke, bayan gidan kunama, a matsa shi sama da ko wane hannu. Haka Greener GP ta Ingila, mabuɗinta a ƙasa ya ke, sai dai makullinta na gefen dama.

Kunama biyu sun fi wannan bukatar lura. A bindiga mai baki biyu jere, kunamar gaba ita ke tayar da bakin dama, ta kuma ɗan karkata dama, ta baya kuwa ta tayar da na hagu. An jera su yadda yatsan dama zai ja ta gaba ya zamo baya ya sami ta biyu. Yatsan hagu kuwa sai ya gitta ta gaban ta baya kafin ya kai ta gaba. In bindiga ta yi shuri, yatsa na iya zamewa ya ja ta biyu, bakuna biyu su tashi kusan tare. Wanda ya taɓa shan wannan da lamba 12 ba ya mantawa: kafaɗa ta kumbura, yatsan tsakiya ya fashe a jikin gidan kunama, harsashi biyu sun tafi a bakin ɗaya. Maƙeri mai izini ya kan ɗan murɗa harsunan kunamun su fuskanci hagu, aiki ne ƙarami. Amma kada a bar shi ya taɓa nauyin jan kunama. Kunama mai laushi ainun ba gwaninta ba ce a gona.

ƘOTA

In aka shimfiɗa zare daga ɗigon baki, ya bi tsakiyar doron bindiga har gindin ƙota, sau da yawa za a ga gindin ya ɗan kauce dama, kamar kashi ɗaya cikin takwas na inci zuwa rubu'in inci. Da gangan aka yi, don idon mai harbi da dama ya zauna daidai kan doro. Ga bahago wannan karkata tura masa fuska ta ke waje, harbinsa ya riƙa zuwa dama, ƙota kuma ta riƙa dukansa a kumatu.

Ga yadda a ke aunawa. A sami ganuwar ƙasa ko jigawa inda ba kowa a baya, ba hanya, ba dabba. A kafa babbar takarda, a yi baƙin ɗigo a tsakiya, a ja da baya yadi 16. Mutum ya ɗaga bindiga kafaɗa ya harba nan take, kamar yadda zai yi a gona, ban da tsayawa gyaran saiti. Ya yi haka sau huɗu ko biyar. Sa'an nan a duba inda dalma ta fi taruwa. Ko wane inci 1 da ta kauce daga ɗigo yana nufin ƙota na bukatar gyaran kashi 1 cikin 16 na inci a wurin kumatu. Maƙeri ya kan zafafa wuyan ƙota da mai mai zafi ko tururi, ya lanƙwasa ta a hankali, ya bar ta ta huce cikin maɗauri. Wani icen ya kan koma yadda ya ke bayan 'yan watanni, wani ya tsage, wadda kuwa dogon noti ya ratsa cikinta ba ta lanƙwasuwa da yawa. Gaskiyar magana, kuskuren ƙota na inci ne, na ido kuwa na ƙafa ne. Wanda ya sami bindiga mai miƙaƙƙiyar ƙota, kamar yawancin masu araha, ya bar ta yadda ta ke.

ABIN DA BA YA GYARUWA

A ƙasashen da a ke farauta da bindiga mai famfo da mai ɗura kanta, kukan bahagwai a kan kwanso ne. Ƙofar fitar kwanso a dama ta ke, saboda haka kwanso mai zafi da hayaƙi da ɓurɓushin albarushi ta gaban fuskar bahago su ke wucewa. Ba maƙerin da zai mai da ƙofan nan hagu. Masu ƙira ne suka yi maganin abin tun daga tushe. Ithaca 37, wadda ta fito a 1937, ta ƙasa a ke ɗura ta, ta ƙasa kuma ta ke zub da kwanso. Mossberg 500 ta kai makullinta bisa. Browning BPS ta 1977 ta haɗa biyun. Remington kuwa, bayan ta fid da 870 a 1950, sai a 1971 ta yi ta bahagwai. Bindiga mai karyewa ba ta da wannan ciwo, da ya ke kwansonta baya ya ke fita.

Bindigar toka ita ce ta fi cutar bahago, ita ce kuwa ta fi yawa a ƙauye. Kayan wutarta duka a gefen dama su ke. Mai harbi da dama fuskarsa na hagu da ƙota, icen ya kare shi. Bahago kuwa fuskarsa na gefe ɗaya da wutar, tartsatsi da ɓaraguzai su nufi idonsa na dama da hannun da ya tallafi bindiga. In aka ce za a toshe tsohuwar kafar wuta a huda sabuwa a hagu, a ƙi, gama daidai wurin nan ne ƙarfin albarushi ke taruwa, toshin kuwa in ya fita fuska zai nufa. Bahagon da ba shi da wata sai ta toka, ko dai ya koyi kafaɗar dama yana runtse idon hagu, ko ya nemi wadda tun farko aka yi kayan wutarta a hagu. Tabarau mai ƙarfi kuma ya zama tilas gare shi.

RANAR KARƁO BINDIGA DAGA GYARA

Kada a biya maƙeri sai an gwada a gabansa. A karya bindiga, a leƙa bututu a ga haske, a sa kwanson da aka riga aka harba don kada allurar bugu ta lalace, a rufe, a juya baki wajen bango. A kulle, a ja kunama da ƙarfi: kada a ji ƙas. A saki kunama, a buɗe makulli ban da taɓa ta: nan ma kada a ji ƙas. A sake kullewa, a buga gindin ƙota a ƙasa a hankali sau biyu ko uku, sa'an nan a buɗe makulli a sake bugawa. In ta faɗa a ko wane ɗaya daga cikin waɗannan, aiki bai yi ba, a bar masa ita. Mai baki biyu a gwada ko wace kunama dabam.

Bayan an kawo ta gida, hannu na bukatar ya manta tsohon hali. Mutum ya sami kamar mako biyu yana ɗaga ta ba harsashi, a ɗaki shi kaɗai, sau ashirin ko talatin ko wace rana: ya ɗaga, ya buɗe makulli sa'ad da ƙota ke isa kafaɗa, ya sauke, ya kulle. Harsashi kuwa a lokacin nan yana cikin akwati a kulle, a wani ɗaki dabam.